Malamin da ya kafa mini makirfo a hanci

Minshari ne ya kai ni wurin mutumin nan, ba son kiɗa ba. Ni da ko sarewa ban taɓa riƙewa ba, ina ni ina busa gungumen itace mai tsawon mutum? Amma mai ɗakina ta gaji. Shekararmu ta uku ke nan a Adelaide, a kudancin Ostareliya, wata safiya ta dube ni ta ce, "Baban yara, jiya sau huɗu na tashe ka. Ƙarar ba ta dame ni ba kamar shirun da ke biyo bayanta, sai in ga kamar numfashinka ya ɗauke." Likita ya auna ni, ya ce abin bai kai a ɗaura mini inji a fuska ba, amma in rage ƙiba. Ita ce ta tono wani bincike da aka yi a Suwizalan, wanda mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga a 2006. Mutum 25 masu ɗaukewar numfashi a barci aka raba gida biyu, kashi ɗaya suka yi wata huɗu suna busa dijeridu kusan minti 25 a rana. Gyangyaɗin rana ya ragu musu, abokan kwanansu kuma suka ce sun samu sauƙi. Har lambar yabon nan ta barkwanci, Ig Nobel, aka ba masu binciken a 2017. Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ga wanda bai san shi ba, dijeridu abin busa ne na 'yan asalin arewacin Ostareliya, musamman yankin Arnhem Land. Ba mutum ne ke rarake cikinsa ba, gara ce. Takan shiga itacen turare tun yana tsaye da ransa, ta cinye tsakiyarsa ta bar jikin. Mai neman itacen sai ya bi daji yana ƙwanƙwasa bishiyoyi yana saurare, wadda ta amsa da muryar da yake so ita zai sare. Sunan dijeridu ma ba nasu ba ne, Turawa ne suka kwaikwayi sautin da kunnensu ya ji. Mutanen Yolngu na arewa maso gabashin yankin yidaki suke ce masa, na yamma kuma mago. Ba shi da ƙofofin da ake toshewa da yatsu. Murya ɗaya tak gare shi, mai kauri, duk sauran abin da za ka ji daga bakin mai busa yake fitowa.

A allon sanarwa na laburaren unguwarmu na ga 'yar takardar mutumin da ke koyar da busa shi. Bature ne dogo, ya ba sittin baya, ya yi shekaru yana aikin na'urorin sauti a wuraren wasa kafin gwiwa ta hana shi ɗaukar lasifika. Ba zan faɗi sunansa ba. Ni dai Malam nake ce masa, da na fassara masa ma'anar ya ce ya karɓa, tunda matarsa ba ta taɓa ba shi muƙami ba. A garejinsa yake koyarwa. Jikin bango ɗaya an jingine itatuwan busa goma sha huɗu, kowanne an manna masa 'yar takarda mai harafi. Ina ta kallonsu ina zaɓen wanda za a ba ni, sai ya miƙo mini bututun roba irin na masu gyaran famfo, faɗinsa milimita 40, tsawonsa mita 1.3, an shafa kakin zuma a bakinsa. Ya ce tsawon nan da gangan ne, shi ke ba da muryar C, wadda iska ke kaɗawa wajen sau 65 a sakan guda. In an yanke wajen santimita 14 muryar ta hau D. Ya ce in saki leɓɓana in furzar da iska yadda doki ke yi. Na yi. Abin da ya fito ba na faɗa a gaban surukai ba ne.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka matse leɓen ƙasa, abokina. Kuma harshenka ya koma baya ya kwanta kamar ba da shi ake yi ba." Ya faɗi haka ne kuwa yana can yana kwance waya, ya juya mini baya.

Ranar, kafin in tafi, ya busa mini. Na sha jin masu busa a titi, waɗanda ke yi wa 'yan yawon buɗe ido kukan karen daji da dariyar tsuntsun kukabura, a jefa musu kuɗi a hula. Na ɗauka irinta zan ji. Sai ya zauna a ƙasa, ya ɗora bakin itacen a kan wani tsohon bokiti, ya fara da wata murya can ƙasa wadda na fara ji a ƙirji da tafin ƙafa kafin kunne. Ya daɗe a kanta, har na fara tunanin ko shi ke nan. Can sai na lura cikinta akwai taku. Wani abu na bugawa a ciki, tsaf-tsaf, kamar ana kaɗa ƙaramar ganga a cikin rijiya, kuma harshensa ne ke yi. Numfashin da yake zuƙa ta hanci bai ɓoye shi ba, ya mai da shi ɗaya daga cikin bugun, yana faɗowa daidai inda ya kamata. Sannan ya matse leɓe ya fitar da wata ƙara mai kama da ƙaho, sau biyu, gajeru, ya koma kan muryar ƙasa ba tare da ta karye ba. Da zai tsaya bai bar ta ta mutu a hankali ba. Ya datse ta. Gareji ya yi tsit, har ina jin firji yana aiki a cikin gida.

Daga baya na gane abin da ya raba shi da na titi. Su suna cika ko'ina ne, shi yana barin wuri. Ya ce a inda abin ya fito, mai yidaki ba shi ne jagora ba. Mai waƙa ne ke gaba, riƙe da sandunan nan biyu da ake bugawa, bilma, mai busa yana bin sa a baya, inda ya tsaya nan zai tsaya. Waƙoƙin gajeru ne, ana yi ana hutawa. Wannan doguwar busa ta minti ashirin da ake yi wa masu kwanciya a tabarma su rufe ido, sabon abu ne. Salon da ya fi so shi ne na arewa maso gabas, wanda ake ce wa mai taurin harshe, inda kan harshe ke leƙowa tsakanin haƙora ya koma ya naɗe a ganɗa. Shi ya sa kafin a busa kowane salo sai an fara faɗinsa da baki, "dit, du, dirrl", ana tafawa. Ya ce abin da bakinka bai iya faɗa ba itace ba zai faɗa maka ba. Na yi sati uku ina tafiya tashar bas ina dit-du-dirrl kamar mai sabon taɓi.

Itatuwan goma sha huɗu kuwa ba kwalliya ba ce. Tunda kowanne murya ɗaya gare shi, duk wanda zai yi wasa da masu jita ko goge dole ya tanadi na kowace murya. Haka William Barton yake yi, ɗan ƙabilar Kalkadunga daga Mount Isa, wanda ya yi aiki da mai tsara kiɗa Peter Sculthorpe ya shigar da abin cikin manyan ƙungiyoyin kaɗe-kaɗe. Malam ya ce ko an zaɓi itacen da ya dace, da sanyin safiya muryar takan ɗan sauka, in ya ɗumama da numfashi ta ɗan hau. Don haka ba ya yarda a danna naɗi sai ya yi minti biyar yana busawa.

A nan ne zan daɗe, domin a wajen naɗin sauti ne na ga abin da ban taɓa gani ba.

Kowane darasi naɗarsa yake yi, da makirfo uku. Na farko Shure SM57 ne, tsoho, duk ya goge, yana ajiye shi kamar taƙi ɗaya da rabi daga bakin itacen, kuma a karkace, ba ya fuskantar ramin kai tsaye. Na tambaye shi dalili. Ya tura shi cikin ramin ya ce in busa, ya kunna mini. Sai gurnani kawai da hucin iska. Irin wannan makirfo, in ya matsa kusa da abu, ƙara masa kauri yake yi, dijeridu kuwa kaurin da yake da shi ya ishe shi. Na biyu yana can nesa, wajen mita biyu, daidai tsayin kunnen mutum a tsaye, shi ke ɗaukar yadda ɗakin ke amsawa. Na uku ƙarami ne, a kan wata siririyar sanda, kuma a gefen hancina ya kafa shi. Zan dawo kansa.

Wata rana ya ce in sa abin kunne in saurari na farko da na biyu tare. Ya danna wani maɓalli guda, sai kaurin ya zube, muryar ta koma siririya kamar daga cikin gwangwani. Ya sake dannawa ta dawo. Ya ce sauti yana isa na kusa kafin ya isa na nesa, in tazarar ta faɗa a mugun wuri, wannan na turawa wancan na ja, sai su cinye juna. Mutane da yawa sukan ɗauka itacensu ne ba shi da kyau, su je su sayi wani, alhali da sun matsar da sanda taku ɗaya an gama. Shi ba ya fara taɓa kwamfuta sai ya gama yawo a garejin da kunne ɗaya a toshe yana neman inda muryar ta fi daɗi, a nan zai dasa makirfon.

Ɗakin ma abin busa ne a wurinsa. Muryar C, igiyar sautinta guda ta haura mita biyar, kusan tsawon garejin gaba ɗaya. Shi ya sa in ka tsaya a lungu sai ta cika maka kai, in ka matsa wani wuri ka neme ta ka rasa. Ya jibge kusurwoyi huɗu da naɗaɗɗiyar audugar rufin gida mai kauri. Na ce na ga wasu na manna kwalin ƙwai a bango. Ya ce kwalin ƙwai na ƙwai ne. Ƙarfin naɗi kuma ba da muryar ƙasa yake saita shi ba, da ƙarar ƙahon nan yake yi, domin ita ce ke tashi ba sallama ta fasa naɗin. Sai ya ce ka yi mafi ƙarfin da za ka iya, ya saita, ya ƙara barin sarari a sama. Amsa-kuwwar kwamfuta, wadda ke sa a ji kamar a kogo ake busa, da ƙyar yake ɗiga ta. Ya ce ita ce bargon da masu raunin harshe ke lulluɓa da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gwajinsa na ƙarshe. In ya gama haɗa sauti a manyan lasifikunsa, sai ya tura shi wayarsa ya saurara a 'yar lasifikarta. Waya ba ta iya fitar da muryar da ke kaɗawa sau 65 a sakan, ko kusa. Amma in ya gyara daidai, sai ka ji ta. Ya ce muryar ƙasa tana tafe da 'ya'yanta a sama, kunne kuwa in ya ji 'ya'yan sai ya ƙirƙiro uwar da kansa. Saboda haka aikinsa shi ne kada ya kashe 'ya'yan garin neman kauri.

Yanzu makirfon hanci. Kowa da zancen numfashi marar yankewa yake zuwa wurinsa, ni ma haka. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita ya ga dabarar: a tara iska a kumatu, a matse ta waje, a daidai lokacin a zuƙi sabuwa ta hanci. Malam ya hana ni ko gwadawa har sati shida. Ya ce wanda muryarsa ba ta zauna ba, in ya koyi wannan, mummunan sauti kawai zai tsawaita. Da lokaci ya yi, ya ce in cika baki da ruwa a banɗaki, in tsartar da shi siriri ina shaƙar iska. Sai kofin ruwa da tsinken shan lemo, a yi ta kumfa kada ta tsaya. Waɗannan duk na iya cikin kwana goma. A kan bututu kuwa, da na kai rabin minti sai kaina ya fara juyawa, ƙirjina ya cika, in tsaya ina haki. Na tabbata iska ce ba ta isa ta. Na ƙara zuƙa. Abin ya ƙara lalacewa.

Ya kashe sauran makirfo biyun ya kunna mini na hanci shi kaɗai. Na ji kaina ina zuƙa kamar wanda aka tsamo daga kogi. Ya ce, "Ka ji? Shiga kawai, shiga kawai. Ina fita? Ba ƙarancin iska ke damunka ba, abokina, yawanta ne. Huhunka ya cika da tsohuwa, sabuwa ba ta da wurin zama." Ya ce in rage zuƙar ta koma kamar mai shinshina abu, kuma duk bayan uku in saki kaɗan ta hancin. A sati na tara na yi minti biyu ban tsaya ba. Na cire baki ina jiran yabo, sai ya ce to, yanzu sai a fara koyon busa.

Yana da wata manhaja da ke zana sauti a allo, kauri a ƙasa, kaifi a sama. In ya ɗaga harshe kusa da ganɗa kamar zai ce "ii", sai wani layi mai haske ya bayyana tsakanin kaɗawa 1,000 da 2,000 a sakan, in ya sauke kamar zai ce "oo" layin ya dushe. Nawa hoton a lokacin hazo ne kawai. Ya ce wasu masana a Jami'ar New South Wales da ke Sidni, su Joe Wolfe, sun auna cikin bakin masu busa suna tsaka da busawa, suka buga sakamakon a mujallar Nature a 2005. Sun gano cewa bakin mutum ne ke danne wasu sassan sautin ya bar wasu su fito, kuma gwanaye sukan kusan rufe maƙogwaro yayin busa. Malam ya ce shi tsofaffin Arnhem Land sun riga sun nuna masa haka da yatsa a wuya, amma ya ji daɗi da aka auna.

Kusan duk abin da ya sani can ya samo shi, kuma ba ya gajiya da faɗa. Ya sha zuwa Yirrkala, wani gari a Arnhem Land, inda cibiyar fasaha ta Buku-Larrnggay Mulka take, da takardar izinin shiga, domin ƙasar ta masu ita ce tun dokar mallakar ƙasar 'yan asali ta 1976. Da na tambaye shi wa ya fi kowa, ya ambaci dattijon nan na dangin Galpu, Gurruwiwi, wanda gidan tarihi na South Australia a nan Adelaide ya yi baje kolin yidaki tare da shi a 2017, ya kuma rasu a 2022. Sunan dangi kawai ya faɗa, domin Yolngu sukan guji kiran sunan mamaci na wani lokaci, ni ma na bi shi a haka. Akwai salon da in na nema sai ya ce wannan na wata waƙa ce mai masu ita, an busa masa ya ji, ba a ba shi ya raba ba. Da na ce zan sayi itace na kaina a wani shagon tsaraba, ya hana. Ya tuna mini cewa a 2019 kotun tarayya ta ci wani kamfani tarar dalar Ostareliya miliyan 2.3 saboda sayar da kayan da aka yi a Indunusiya da sunan aikin 'yan asalin ƙasar, har da dijeridu. Ya ce in jira, in sayi wanda aka san wanda ya sare shi.

'Yata ta raka ni sau ɗaya, ta ce ita ma za ta busa. Ya durƙusa daidai tsayinta ya yi mata bayani, ni kuma ya dube ni. A wajen bukukuwan al'ada maza ne ke busawa, kuma da yawa daga 'yan asalin ƙasar ba sa son ganin mace da shi, ko da yake ba duka bakinsu ya zo ɗaya ba. Ya ce shi baƙo ne a wannan magana, ba zai yanke ta ba. Ya miƙa mata bilma. Ta riƙe mana taku har ƙarshen darasi, kuma sau biyu ta harare ni don na yi gaggawa.

Yana da nasa aibin. In aka taɓo zancen makirfo, rabin darasi ya tafi, kuma kuɗin awa cikakke zan biya. Naɗinsa na shekara goma sha biyu yana nan jibge a kwamfuta, ya ƙi fitar da ko ɗaya, kullum akwai wani numfashi a minti na uku da bai yi masa ba. Na taɓa ganinsa a dandali a wani ƙaramin taro, ya busa lafiya lau, amma bai ɗaga ido ya dubi kowa ba, wani yaro da ya hau bayansa da kukan karen daji ya fi shi samun tafi nesa ba kusa ba. A ganina gareji ne wurinsa. Yabo kuwa, in kana jira daga bakinsa, ka nemi kujera.

Asabar ɗin da ta wuce, wata na goma sha ɗaya ke nan, na shiga na zauna a inda na saba, na ga sanda biyu maimakon uku. Ƙaramar tana can lungu bayan audugar rufi, an naɗe wayarta. Bai ce komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ɗauko itace na huɗu daga hagu, mai harafin E, ya miƙo mini, ya ce in ɗumama shi minti biyar. Ya fi robar nauyi, bakinsa ƙarami ne ba kaki, yana ƙamshin hayaƙi. Na busa, ya saurara da bayansa a juye kamar kullum. Ya ce "dirrl" ɗina har yanzu malalaci ne, harshen yana isa ganɗa a makare, mu sake daga farko.

Da na dawo gida na tambayi mai ɗakina labarin minshari. Ta ce shirun nan mai ban tsoro ya ragu, ta yarda. Ƙarar dai tana nan, sai dai yanzu tana da taku.